Uwargida, Kin San Wanda Ya Yi Miki Wayarin?

Yau za mu ɗan ajiye maganar girki da reno, mu duba wata aba da muke kwana da ita muke tashi da ita, watau wutar lantarki, da kuma wayoyin da ke ɗauke da ita a cikin bangon ɗakunanmu.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani abin tausayi da ya faru a maƙwabtanmu cikin hunturun da ya wuce. Wata amarya ce, ko wata huɗu ba ta cika a ɗakinta ba. Da safe ta cika bokitin roba da ruwa ta jefa hita, ruwan bai ko yi ɗumi ba aka ɗauke wuta. Ta gaji da jira, ta yi wankanta da ruwan sanyi, ta kulle ɗaki ta tafi sunan yayarta a wata unguwa, ta manta ba ta zare hitar ba. Wajen azahar aka kawo wuta. Ruwa ya tafasa ya ƙone, bokiti ya narke, ledar ɗaki ta kama. Kafin a ga hayaƙi a ɓalle ƙofa, gado da katifa da akwatunan lefe da jeren da iyayenta suka yi shekaru suna tarawa duk sun zama toka. Wutar ba ta tsaya nan ba, sai da ta bi ta silin ta ci ɗakuna biyu na masu haya. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba.

Da muka je jaje, kowace mace abin da take faɗa ɗaya ne, wai sakacin amarya ne. Lalle tana da nata laifin, ita ma ba ta musa ba. Amma da mai gidan hayan ya kira wani ƙwararren ma'aikaci don a sake jan wayoyi, sai ya buɗe akwatin fis ya nuna wa mazan gidan abin da ke ciki. An cire siririyar wayar fis tuntuni an ɗaura wata mai kauri a madadinta. A silin kuma wayoyin da aka ja duk ƙanana ne, an murɗa su da juna an naɗe da salatif. Watau lokacin da igiyar hitar ta narke wayoyinta suka haɗu, kamata ya yi fis ya tsinke wuta ta yanke nan take. Da yake babu abin da zai tsinke, sai wayar silin ta ɗauki zafi ita ma ta kama. Amarya ta sha zagi. Wanda ya yi wannan aiki kuwa ya karɓi kuɗinsa tun shekarun baya, ko sunansa babu mai tunawa.

To, 'yar'uwa, ki duba wannan al'amari da kyau. Maigida ne ke kiran mai wayarin, shi ke ciniki da shi, yawanci kuma wanda ya fi araha yake ɗauka. Da gari ya waye ya saɓa rigarsa ya fita. Ke ce za ki wuni da firiji da dutsen guga da hita, hannunki cikin ruwa, ƙafarki ba takalmi, yara suna rarrafe a gindin soket. In gobara ta tashi kuma kayan ɗakinki ne a gaba. Saboda haka ban yarda da masu cewa wayarin maganar maza ce ba. Ba na cewa ki ɗauki sukundireba ki hau tebur. Abin da nake so shi ne ki san yadda aikin kirki yake, domin ki gane na banza in kin gan shi.

Da farko ki sani wannan sana'a tana da doka. Har yanzu in an kawo wuta yara sukan yi ihu da sunan NEPA, alhali kuwa NEPA ɗin da aka kafa a 1972 ta daɗe da shuɗewa. A 2005 aka maye gurbinta da PHCN, a 2013 kuma aka miƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni goma sha ɗaya, irin su KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa. Su waɗannan kamfanoni iyakarsu mita. Abin da ke bayan mita, watau cikin gida, nauyin mai gida ne. A 2015 hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin yadda ake jan wuta da haɗa ta, a wannan shekara kuma aka yi dokar hukumar NEMSA, wadda aikinta ya haɗa da duba ingancin aikin lantarki da ba masu yin sa takardar shaida. Har ila yau akwai takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, mai mataki na 3 da na 2 da na 1. Don haka in maigida ya ce ya samo mai aiki, babu rashin ladabi in kin ce, “Maigida, ko ka nemi ya nuna maka takardarsa?” Mai takarda ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya yi wata shida yana riƙe wa ubangidansa tsani, sa'an nan ya sayi filaya ya ce ya ƙware, shi ne zai ɓata rai.

Sai maganar ita kanta waya. Kowace waya tana da iyakar nauyin da za ta iya ɗauka, kamar yadda ba a ɗora wa ɗan jaki kayan raƙumi. In wutar da ke bi ta cikinta ta fi ƙarfinta, sai ta yi zafi, robar jikinta ta yi laushi, a kwana a tashi ta narke. Ana auna kaurin waya da lamba, kuma lambar tana rubuce jikin takardar ƙunshin. Mai lamba 1.5 ta ƙwai ce da fanka. Mai lamba 2.5 ita ce ta soket. Murhun lantarki da tankin ɗumama ruwan wanka da na'urar sanyaya ɗaki kowannensu yana bukatar layinsa shi kaɗai tun daga akwati, da waya mai kauri, wadda ma'aikaci zai zaɓa bisa ga ƙarfin abin, sau da yawa mai lamba 4 ko 6. Marasa tsoron Allah sukan karɓi kuɗin 2.5 su sayo 1.5 su ja gidan duka da ita, tun da sun san da an shafe bango ba mai gani. Wata ɓarnar kuma a kasuwa take. Akwai wayar da in kin gani ja ce kamar jan ƙarfe, amma cikinta alminiyam ne aka shafa masa launi. Gane ta ba wuya. A fere bakin, a kankare da reza, in fari ya bayyana to ba ita ba ce. Ya fi kyau maigida ya je kasuwa da kansa tare da mai aikin, ya nemi waya mai tambarin hukumar SON, ya karɓi rasit. Araha dai ba ta ado.

Yanzu ku matso, 'yan makaranta, ga lissafi. Wutar da ke zuwa gidajenmu a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne. Filogin nan mai ƙafa uku da muka gada daga Ingila, mafi yawan abin da aka yi shi ya ɗauka amfa 13 ne. In kin ninka 230 sau 13 za ki samu 2,990, watau kusan wat 3,000. Wannan ita ce iyakar baki ɗaya na soket. To ki juya butar lantarkin gidanku ki karanta abin da aka rubuta a gindinta. A ce wat 2,000 ne. Ki duba dutsen guga, a ce shi kuma 1,200. In kin tara su kin samu 3,200, in kin raba da 230 kin samu kusan amfa 14. Kin ga abu biyu kawai sun riga sun haye iyaka. Amma sai ki shiga ɗaki ki tarar da doguwar igiyar nan mai baki biyar an cusa mata buta da dutsen guga da talabijin da fanka da cajar waya, duk a kan baki ɗaya na bango, ga ta kuma an tura ƙarƙashin kafet don kada a yi tuntuɓe. Na ba 'yan ajina wannan lissafi su yi a gida, washegari wata yarinya ta zo ta ce babarta ta ce in daina sa ta tana juye mata kaya. Na ce ta gai da ita, ta kuma gaya mata amsar da ta samu.

Fis shi ne mai gadin gida. An yi shi da siririyar waya da gangan, domin in wuta ta yi yawa shi ya fara ƙonewa kafin wayar bango ta ji jiki. A gidajen yanzu an fi sa bireka, wanda ba ya ƙonewa, sai dai ya faɗi a ɗaga shi. Aikinsu ɗaya. In fis ya tsinke ko bireka ya faɗi, magana yake yi miki, yana cewa an yi mini yawa, ko kuwa akwai inda wayoyi suka haɗu. Ki zare abin da kika kunna na ƙarshe, ki rage kaya, sa'an nan a ɗaga. In ya sake faɗuwa a kira ma'aikaci. Abin takaici, mu a wurinmu fis mai yawan tsinkewa shi ne mara kyau. Sai a kira wani yaro ya ɗaura waya mai kauri, ko takardar azurfar kwalin taba, har da masu cusa ƙusa, a yi ta sa masa albarka wai ya yi maganin abin. Wani kuma ya cire bireka mai lamba 20 ya sa mai lamba 60 a kan waya ƙarama. Duk wanda ya yi haka ya kori mai gadi ne, kuma abin da ya cinye ɗakunan maƙwabtanmu ke nan.

Amma akwai abin da fis ba ya iyawa, kuma nan nake so ki natsu. Fis waya yake karewa daga ƙonewa. Ba ya kare jikin mutum. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfa ɗaya ba, in ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya. Fis mai amfa 13 ko motsi ba zai yi ba. Abu biyu ne ke tsakaninki da wannan hatsari. Na ɗaya ita ce wayar ƙasa. Ki ɗauki filogi ki duba, za ki ga ƙafar sama ta fi sauran biyun tsawo da kauri. Wannan ƙafa tana haɗe da gangar jikin firiji ko dutsen guga, daga soket kuma waya ta bi ta har zuwa wani sandan jan ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa, yawanci kusa da mita. In wayar wuta ta goge ta taɓa jikin firiji, sai wutar ta bi wannan hanya ta zube ƙasa da ƙarfi, fis ya tsinke, ke kuwa ba ki ma san an yi ba. In babu wayar ƙasa, wutar tana nan kwance a jikin firijin tana jiran hanya, hanyar kuwa ita ce ke, ran da kika zo da jiƙaƙƙen hannu kina tsaye kan siminti. Mata da yawa sukan ce, “Ai firijina yana ɗan ja, sai da tsumma nake buɗe shi.” Haba 'yar'uwa! Wannan jan gargaɗi ne. Ki kashe shi a bango yau ɗin nan. Gidaje da yawa in aka buɗe soket za a ga waya biyu ce kawai a ciki, ramin na uku fanko ne. Ki sa a nuna miki inda aka kafa sandan gidanku. In an yi ta kame-kame, kin samu amsa.

Na biyu wani irin bireka ne na musamman da ma'aikata ke kira RCD. Shi auna wutar da ta shiga yake yi da wadda ta dawo. In ya ga ta ragu da ɗan abin da ya kai miliamfa 30, ya san ta bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Za ki gane shi da wani ɗan maɓalli a jikinsa mai harafin T. Akan danna shi lokaci lokaci don gwaji, in lafiyarsa lau wuta za ta ɗauke nan take, sai a ɗaga. Kuɗinsa bai kai na turmin atamfa mai tsada ba. In da ni ce ake tambaya abin da za a ƙara a kayan ɗakin amarya, da shi zan fara ambata kafin kwalla.

Akwai wasu ƙa'idojin da ido zai iya gani ko ba a yi karatu ba. Waya ba ta tafiya tsirara a silin inda ɓera zai ci robarta, cikin bututu ake zura ta. Duk inda aka haɗa waya da waya, cikin ɗan akwati mai murfi ake haɗawa a ɗaure da noti. Ba a sa soket a makewayi, makunnin tankin ruwan zafi kuma a waje yake zama. Soket ɗin tsakar gida dole ya zama mai murfi saboda damina. Launin wayoyi ma yana da ma'ana. A tsohon tsari ja ita ce mai wuta, baƙa ita ce mai mayarwa, koriya ta ƙasa. A sabon tsari, wanda Ingila ta koma kansa a 2004, mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya mai mayarwa, koriya mai ratsin rawaya ta ƙasa. Duka biyun ana samun su a gidajenmu. Makunni kuma a kan waya mai wuta ake sa shi. In mai aiki ya juya ya sa shi a kan ɗayar, ƙwai zai mutu in an kashe, amma mazauninsa yana nan da wuta, ranar da yaro ya hau kujera zai canja ƙwai sai a ji salati.

Mu ma muna da namu halin. Mu ne masu cire filogi in ya lalace mu cusa tsirarar waya cikin soket mu tokare da tsinken ashana. Mu ne masu zura mabuɗi ko murfin biro a ramin sama don filogi mai ƙafa biyu ya shiga, yara kuwa suna kallo, gobe su gwada da ƙusa. Mu ne masu ɗaura igiyar shanya ta ƙarfe a jikin bututun da wayar wuta ta shigo gida ta kansa, mu shanya jiƙaƙƙen zane. Soket da ya yi baƙi, ko filogin da ke zafi in an taɓa, ko warin roba mai ƙonewa, ko ƙarar tsis-tsis a makunni, duk alamu ne na waya ta saki ko ta gaji. In an ɗauke wuta, kafin ki ce komai ki zaga ki kashe hita da dutsen guga da murhu, ki zare su.

Janareta kuma, tun da ya zama ɗan gida, tilas a sa masa makunnin canji, wanda ke raba gida da layin waje kafin wutar inji ta shiga. Masu haɗa inji kai tsaye da soket suna mayar da wuta kan layi, ta bi ta taransifoma ta ƙara ƙarfi, ta sami bawan Allah a kan fal-waya yana gyara, shi kuwa ya sakankance an kashe layin. Hayaƙin injin kuma yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci. Kada tsoron ɓarawo ya sa a shigar da shi ɗaki ko zaure a rufe ƙofa. In za ku kama haya ko ku sayi fili, ku ɗaga kai ku duba ko babban layi ya bi ta saman rufin. A watan Afrilun 2017 wayar babban layi ta faɗo kan wani gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano a Kalaba, mutane suka rasa rayukansu suna zaune suna kallo.

To in abin ya riga ya faru fa? Kowace mace da kowace yarinya da ta yi wayo a gidan ta san inda babban makunni yake, kuma kada a jibge buhuna a gabansa. In wuta ta tashi daga waya, shi za a fara kashewa. Kada a watsa ruwa muddin akwai lantarki, domin ruwan zai kawo miki ita har hannu. A zuba yashi, a fitar da yara, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112. In kuwa wuta ta kama mutum, ko ɗanki ne, kada ki rungume shi, don ku biyu za ta riƙe. Ki kashe makunni. In ya yi nisa, ki tsaya kan busasshen abu, ki ɗauki busasshiyar taɓarya ko muciya ki ture shi daga jikin wayar. Wannan a wutar cikin gida ke nan. In wayar babban layi ce ta faɗo, ko da sanda kada a matsa, a ja da baya kamar taku goma sha biyar, a tare yara da dabbobi, a aika wa kamfanin wuta.

Bayan an raba shi da wutar, a bar maganar ɗura masa madara ko manja, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa shaƙewa zai yi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa, saboda ƙunar lantarki ta ciki takan fi wadda ake gani a fata.

Ita dai amaryar nan tana gidan iyayenta har yanzu, ana ta haɗa mata gado da 'yan kwanuka. Mai gidan hayan ya sake jan wayoyin ɗakuna ukun da suka ƙone da waya mai kyau, har ya sa sabon akwati. Sauran ɗakuna shidan kuwa ya ce sai bayan damina in ya samu hali, kuma har yau da mutane a cikinsu.